SAMMAKO: ALBARKA GA NEMA, LAFIYA GA JIKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake jujjuya dare da rana, Ya ba kowannensu aikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da iyalan gidansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Batun da za mu tattauna a wannan zama shi ne sammako, wato tashi daga barci da asuba da kama harkokin rayuwa tun da sanyin safiya. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ƙaramin al'amari ne da bai kai a tara jama'a a kansa ba. To, duk mai zuwa masallaci da asuba ya san girmansa. Masallacin da yake cika har waje da magariba, da asuba sai ka tarar da sahu ɗaya ko biyu, yawancinsu kuma dattawa ne. Malamin makaranta yana kukan ɗalibai suna gyangyaɗi tun darasin farko. Mai neman sa hannu a ofis yana zaune har hantsi ya dubi ludayi, ma'aikaci bai iso ba. A kan hanya kuwa, Allah kaɗai Ya san rayukan da gyangyaɗin direba ya ci. Duk waɗannan tushensu ɗaya ne: mun mayar da dare rana, don haka safiya ta kuɓuce mana.

ABIN DA ADDINI YA TSARA

A cikin Suratun Naba'i, aya ta 9 zuwa ta 11, Allah (S.W.T.) Ya ƙidaya barci da dare da rana a cikin ni'imominSa, Ya bayyana cewa barci na hutawa ne, dare na lulluɓewa ne, rana kuma ta neman abinci ce. Wannan rabo ya sake zuwa a Suratul Furƙan, aya ta 47. A Suratul Isra'i, aya ta 78 kuwa, an keɓe karatun asuba da wata falala, wadda hadisi ya fassara da halartar mala'ikun dare da na rana.

Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Sahabi Sakhru Al-Gamidi (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma idan zai tura runduna da farkon yini yake tura ta. Shi Sakhru ɗan kasuwa ne. Da ya ji wannan sai ya riƙa aika hajarsa da sassafe, har ya wadata, dukiyarsa ta yi yawa. Ku lura, jama'a, sahabin da ya ruwaito hadisin shi ne ya fara aiki da shi a kasuwarsa, kuma ya ga amfaninsa tun a nan duniya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin ƙulli uku da Shaiɗan yake yi a ƙeyar mai barci. Na farko yana kwancewa da ambaton Allah, na biyu da alwala, na uku da salla. Wanda ya kwance su yana wayar gari da nishaɗi da daɗin rai, wanda ya bar su kuwa sai ya tashi da ƙuncin zuciya da kasala. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan zauna a wurin da ya yi sallar asuba har rana ta fito.

Amma akwai hadisin da muke yawan tsallakewa, alhali shi ne mabuɗin sauran. Abu Barza Al-Aslami (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda yake a Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ba ya son barci kafin sallar isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Malamai sun togace hirar ilimi, da ta baƙo, da ta mutum da iyalinsa. Abin da aka ƙi shi ne hirar da ba ta da ƙarshe, wadda take cinye dare ta bar mutum ba shi da ƙarfin tashi. Ashe Sunna ta tsara bakin dare kafin ta tsara bakin safiya. Hausawa ma sun ce wanda ya riga ka kwanciya zai riga ka tashi.

AGOGON DA KE CIKIN JIKI

Yanzu bari mu duba abin da likitoci da masu bincike suka gano, domin hikima kayan mumini ce. A can cikin ƙwaƙwalwa, kusa da inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Shi yake tsara lokacin jin barci da na farkawa, da hawa da saukar zafin jiki, da bugun jini, da narkar da abinci, a kan zagayen da ya yi kusa da awa 24. A shekarar 2017 an ba masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda wannan agogo yake aiki, ta hanyar nazarin ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace.

Haske ne yake saita wannan agogo. Idan duhu ya shiga, wata ƙaramar halitta a ƙwaƙwalwa tana fara sakin sinadarin melatonin, wanda aka gano a 1958, shi yake sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Idan asuba ta gabato sai ya ja baya, wani sinadarin mai suna kotizol ya hau, ya kai ƙololuwarsa cikin kamar rabin awa zuwa minti 45 bayan farkawa, ya shirya jiki domin aiki. Hasken safiya idan ya shiga ido yana jawo agogon baya, mutum ya ji barci da wuri a daren. Hasken lantarki da na waya da daddare kuwa yana tura shi gaba.

A shekarar 2013 wani masani a Jami'ar Kolorado mai suna Kenneth Wright ya ɗauki mutum 8 ya kai su daji suka yi mako guda, ba lantarki, ba tocila, ba waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo aka auna, sai aka ga agogon jikinsu ya dawo baya da kimanin awa 2, kuma waɗanda suka fi kowa daren kwanciya su ne suka fi canzawa. A 2015 wasu masana suka bibiyi barcin ƙabilu uku da ba sa amfani da lantarki: Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya, da Tsimane a Bolibiya. Duk da nisan da ke tsakaninsu, an samu suna yin barci kimanin awa uku da 'yan mintoci bayan faɗuwar rana, suna kuma farkawa kafin ta fito. Idan muka ɗora wannan a kan lokutanmu, kwanciya ce bayan isha'i da tashi da asuba. Haka kakanninmu suka rayu. Manomi yana gona kafin rana ta take, almajirin tsangaya yana gaban wuta da allonsa tun da assalatu, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ɗaura kaya da duku-duku domin su kai zango kafin zafi ya tsananta.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A shekarar 2021 masana daga Jami'ar Kolorado da wata cibiyar bincike da ke da alaƙa da Jami'ar Harvard sun nazarci bayanan halittar mutum kimanin 840,000. Sun samu cewa duk wanda halittarsa ta karkata ga kwanciya da tashi da wuri da awa ɗaya, haɗarin kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani yana raguwa gare shi da kashi 23 cikin 100. A 2018 an wallafa wani binciken a kan mutum fiye da 430,000 a Birtaniya, waɗanda aka bibiya kimanin shekara shida da rabi. Masu ɗabi'ar raya dare sun fi masu sammako yawan ciwon sukari da matsalolin ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin mutuwa a cikin wannan lokaci ya fi nasu da kashi 10 cikin 100.

Adalci ya sa mu ƙara da wannan. A 2023 wani bincike a ƙasar Finlan, wanda ya bibiyi tagwaye fiye da 20,000 tsawon shekara 37, ya nuna cewa mafi yawan wannan ƙarin mutuwa ta masu raya dare shan taba da giya ne suke jawo ta. Wannan ma darasi ne gare mu, domin dare ba ya zuwa shi kaɗai. Duk uban da ya san unguwarsa ya san cewa matashin da ya fara shaye-shaye, da wuya a ce da hantsi ya koya.

Akwai kuma fa'idar da ta shafi ƙasarmu musamman. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, alhali lokacin da ya fi sanyi a yini shi ne gab da fitowar rana. Wanda ya yi aikin ƙarfi tsakanin ƙarfe 6 da 10 na safe ya tsira daga ƙishirwa da galabaitar da mai farawa da tsakar rana yake sha. Haka nan sauron da yake yaɗa zazzaɓin maleriya da daddare yake cizo. Wanda ya shiga gidan sauro da ƙarfe 10 ba daidai yake da wanda ya bar ƙafafunsa a waje a majalisa har ƙarfe 1 ba.

SHARAƊIN SAMMAKO

A nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Mutum ya ji wa'azi, ya ɗaura niyyar tashi ƙarfe 4, amma bai taɓa lokacin kwanciyarsa ba. Kwana uku sai jiki ya ƙi, ya koma inda ya fito, ya ce shi ba zai iya ba. Sammakon da aka gina a kan ƙwarar barci cuta ne. A 2015 manyan ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi matsaya cewa baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare. A 2016 kuma aka ƙayyade wa yara 'yan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, 'yan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10.

An gwada abin da rage barci yake yi. A 1999 a Jami'ar Shikago an hana samari 11 masu lafiya barci fiye da awa 4 har dare shida. Kafin mako ya cika jikinsu ya fara kasa sarrafa sukari yadda ya kamata, ga su kuwa matasa. A 2015 an ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, sai aka ga masu barcin da bai wuce awa 6 ba sun fi masu haura awa 7 kamuwa da fiye da ninki huɗu. A 1997 masana a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa da lurarsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya har ma'aunin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi da shi. Direban da ya tashi ƙarfe 5 na asuba, idan ƙarfe 10 na dare ta same shi a kan sitiyari, ya cika awa 17 ɗin nan. Mutumin da ba zai taɓa kusantar giya ba, ga shi ya ɗauko rayukan bayin Allah cikin halin da ya yi kama da na mashayi.

Addini ya riga ya yi wannan gargaɗi. Buhari ya kawo labarin Salmanul Farisi da ya kwana a gidan ɗan'uwansa Abud Darda'i (R.A.). Duk lokacin da mai gida ya yunƙura zai tashi salla sai Salmanu ya umarce shi ya koma ya kwanta, har sai da ƙarshen dare ya yi, sannan suka tashi tare suka yi salla. Ya tunatar da shi cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai haƙƙin kansa da na iyalinsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. To, idan an hana mutum ƙwarar jikinsa saboda nafila, ina ga mai ƙwararsa saboda kallo?

Lissafin mai sauƙi ne. A Kano alfijir yana ketowa tsakanin kimanin ƙarfe 4:45 a watan Yuni da 5:40 a ƙarshen Janairu, isha'i kuma ba ta wuce ƙarfe 8 da 'yan mintoci. Mai son tashi ƙarfe 5 da barcin awa 7, lalle ƙarfe 10 ta same shi yana barci. Tsakanin isha'i da wannan lokaci akwai kusan awa biyu, sun ishi mutum cin abinci da ganawa da iyali da duba karatun yara. Abin da ya rage sai a cike shi da ƙailula, wadda al'adar sahabbai ce, kamar yadda Sahlu ɗan Sa'adu (R.A.) ya ba da labarin cewa ranar Juma'a sai bayan salla suke yin ta. Minti 20 zuwa 30 sun wadatar. Barcin bayan la'asar mai tsawo kuwa bashi ne da ake ci daga dare.

ƁARAYIN DARE

Na farkonsu yana cikin aljihunmu. A 2015 masana a Harvard sun sa mutum 12 karatu a na'ura mai haske kafin barci, suka kwatanta da karatu a takarda. Masu na'urar sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, agogon jikinsu ya matsa gaba da kimanin awa ɗaya da rabi, sun kuma tashi da nauyin jiki. Wannan haske ne kawai, ba a zo ga abin da ke cikin wayar ba, na gardama da labarin tashin hankali da bidiyon da ba ya ƙarewa. Garaɓasar data ta tsakar dare da matasa suke jira, araharta a kuɗi ce, tsadarta a jiki.

Na biyu shi ne gidan kallon ƙwallo da majalisa. Wasan da aka fara ƙarfe 8 ko 9 na dare, kafin a tashi a yi musu a kansa a watse, sha biyu ta gota. Na uku shi ne goro da shayi da kofi da lemunan ƙara kuzari. Duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda jiki yake ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Goron da aka ci da magariba, rabin ƙarfinsa yana nan a jini ƙarfe 11 na dare. Mai shan shayi zagaye uku bayan isha'i kada ya zargi kowa idan ya kwana yana juyi.

YADDA ZA A FARA

Da farko a gyara niyya, a sa sallar asuba cikin jam'i ta zama ginshiƙi, lafiya da nema su biyo baya. Na biyu, a riƙa jawo lokacin kwanciya baya da minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku, domin agogon jiki ba ya karɓar tsalle. Wanda ya saba kwanciya ƙarfe 1, cikin mako biyu zuwa huɗu zai iya kaiwa ƙarfe 10. Na uku, a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har ranakun hutu. Na huɗu, a fita a sha hasken safiya, ko da tafiyar minti 20 ce bayan fitowar rana, domin hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa. Na biyar, a ci tuwon dare da wuri, a daina goro da shayi daga la'asar, a ajiye waya nesa da shimfiɗa awa guda kafin kwanciya. Na shida, a yi alwala, a kwanta ta gefen dama, a karanta azkar ɗin barci kamar yadda Sunna ta koyar. Na bakwai, a nemi aboki ko maƙwabci da zai ƙwanƙwasa ƙofa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sannan a tanadar wa safiyar aikinta tun da dare. Wanda ya idar da salla ba shi da abin yi, shimfiɗa za ta kira shi. Komawa barci bayan asuba ba haramun ba ne, musamman ga mai buƙata, sai dai malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun ƙyamace shi saboda lokaci ne na neman arziki. Awa ɗaya bayan asuba a kullum, awa 365 ke nan a shekara. Mai haddar ayoyi biyar kowace safiya zai tara fiye da aya 1,800 kafin shekara ta zagayo. Da sanyin safiya ake kama fara.

MASU UZURI DA MASU NAUYI

Kada wannan magana ta zama sandar dukan waɗanda dare ne wurin aikinsu: ma'aikatan jinya, masu gadi, masu gidan burodi, jami'an tsaro. Suna farke ne domin mu yi barci. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare, a 2007 da kuma 2019, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji. Haƙƙinsu ne a kanmu mu bar su su rama barcinsu da rana, haƙƙi ne kuma a kan masu ɗaukarsu aiki su riƙa ba su hutu.

Magidanta, mu dubi matanmu. A gidaje da yawa mace ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi, ga goyo, ga jiran wutar lantarki ta tsakar dare domin guga ko tara ruwa. Maigidan da yake dawowa sha ɗaya ya ce a ɗumama masa tuwo, shi ne ya sace mata asubarta. Iyaye kuma mu sani, likitoci sun tabbatar cewa agogon jikin yaro yana matsawa gaba da kansa daga balaga zuwa kimanin shekara 20. Nauyin tashin saurayi ba duka ne taurin kai ba. Maganinsa doka a kan waya da talabijin tun da dare, da tausasawa da asuba, da kuma uban da yaro zai gani ya riga shi tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda kuma yake cika awoyinsa amma ya tashi a gajiye, ko iyalinsa suka ce yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa, ko ya yi makonni barci yana gagararsa, to ya je asibiti. Kada ya sayi ƙwayar barci a kemis ba da umarnin likita ba, domin da yawa sun shiga ta nan ba su fito ba.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, Muslim ya ruwaito daga Jundubu ɗan Abdullahi (R.A.) cewa wanda ya sallaci asuba yana cikin alƙawarin kariyar Allah. Ba a sayen wannan da kuɗi, talaka da mai hali farashinsu ɗaya: su kwanta da wuri. Muna kira ga kowane mai sauraro ya yanke wa kansa lokacin kwanciya tun daga daren yau, ya sanar da iyalinsa, ya riƙe shi kwana 30, sannan ya auna sallarsa da jikinsa da nemansa. Muna kira ga limamai da masu shirya wa'azi da bukukuwa su riƙa sallamar jama'a da wuri, kada taron alheri ya zama sanadin rasa asuba.

Allah Ya sanya mana albarka a cikin sammakonmu, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shiryi matasanmu, Ya tashe mu cikin masu kiyaye salla. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya.